TANTI NA MUTUM ƊAYA: ƊAKIN DA AKE GOYAWA A BAYA

Duk wanda ya taɓa kwana a waje a ƙasar Kurmi cikin watan Yuni ya san ruwan nan ba irin namu na gida ba ne. A Arewa hadari yakan haɗo, a yi iska, a zuba na sa'a ɗaya ko biyu, sa'an nan gari ya washe. A nan kuwa sai a soma yayyafi tun la'asar, a kwana ana yi, a wayi gari ana yi. Ruwan da ke sauka a Kano a shekara bai cika kaiwa milimita 1,000 ba, na Ikko ya haura 1,500, na Fatakwal da Kalaba kuwa ya wuce 2,000. Ga shi kuma da yawa daga cikin 'yan'uwanmu sana'arsu takan tilasta musu kwana inda dare ya same su.

Akwai yaran mota da kan yi kwanaki a Ogere ko a bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa suna jiran lodi. Akwai masu gadin ginin da ba a rufa ba, da 'yan ƙwadago a gonakin koko, da masu shiga ƙauyukan Shagamu sayen goro. Har wa yau ga samarinmu 'yan makaranta da masu bautar ƙasa waɗanda suka koyi yawon buɗe ido da jaka a baya, yau suna duwatsun Idanre, gobe suna matsirgar ruwa ta Erin Ijesha, wasu ma har Obudu. Dukansu tambayarsu ɗaya ce: ina za a sami ɗan tanti na mutum guda, mai hana ruwa da sauro, marar nauyi, wanda kuɗinsa ba zai karya jari ba?

Kwana a hanya ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sarin goro suna yada zango a daji. Buzaye suna da hemarsu ta fata, Fulani suna da bukkarsu. Sai dai waɗancan raƙumi ko jaki ko takarkari ke ɗaukar musu kaya. Abin da ya canja shi ne yadi. Tun da kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro nailan a 1935, aka yi ta rage nauyin kayan tafiya, har aka kai yau ana ɗinka ɗakin kwana wanda in an naɗe shi bai fi girman gorar ruwa babba ba.

ABIN DA YA SAME NI

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina faɗin abin da ban ɗanɗana ba. Wata shekara na shiga kasuwar gwanjo na ga wani ɗan tanti kore shar, mai shi ya rantse mini ko sau ɗaya ba a kwana a ciki ba. Na taya, ya sallama da wuri, na yi ta murna na yi tsintuwa. Ban buɗe shi ba, ban kafa ba, na jefa a jaka. Daren farko da na kafa shi a gindin wani dutse, wajen ƙarfe biyu ruwa ya sauko. Da farko ɗigo ne daga ɗinkin sama, sai kuma ƙasan ya soma tsattsafo da ruwa kamar rariya. Kafin asuba bargona ya zama tsumma, wayata ta sha ruwa ta mutu, na kwana a tsugune ina rawar ɗari. Kuɗin gyaran waya da na magani sun ninka kuɗin tantin. A ranar na tabbata araha ba ta ado.

Amma kada mai karatu ya ɗauka cewa sai mai tsada ne mai kyau. A kasuwannin Turai da Amurka akwai tanti na mutum ɗaya da ya haura dala 500, galibin kuɗin nan kuwa na rage nauyi ne kawai, don masu tafiyar watanni a ƙasa. Akwai kuma na dala 60 zuwa 150 masu aiki lafiya lau, irin na Naturehike na ƙasar Sin, ko na Decathlon na Faransa, masu sunan Quechua. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 duk kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, saboda haka dole mutum ya san abin da zai duba kafin ya zaro kuɗinsa.

RUFI ƊAYA KO RUFI BIYU

Abu na farko shi ne yawan rufi. Tanti mai rufi biyu yana da ɗaki na ciki wanda yawancinsa raga ce kamar gidan sauro, sa'an nan a yafa masa mayafi mai hana ruwa daga waje, a bar 'yar tazara tsakaninsu. Mai rufi ɗaya kuwa yadi guda ne tak. Dalilin da ya sa wannan ya zama muhimmi shi ne numfashi da gumin mai barci. Tururin jikinka yakan tashi ya taɓa yadi mai sanyi ya koma ruwa, kamar yadda murfin tukunya kan yi gumi. A mai rufi biyu ruwan nan a jikin mayafin waje yake taruwa ya gangara ƙasa. A mai rufi ɗaya kuwa a kanka zai ɗiga, ko da sama ba ta zubo da komai ba. A ƙasa mai laima irin Kudu, mai rufi biyu za ka nema. Wata fa'idarsa kuma, lokacin zafi in ba hadari sai ka yaye mayafin ka kwana a ragar kawai, iska na ratsa ka, sauro na kuka a waje.

Maganar sauro ba ta wasa ba ce. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, sauron da ke kawo shi kuwa da dare yake farauta. Tantin da ragarsa ta huje ko zif ɗinsa ba ya rufuwa ya rasa rabin amfaninsa.

KARANTA LAMBOBIN DA KE JIKI

Abu na biyu, a jikin jakar tanti na kirki za ka ga an rubuta lamba kamar 1500mm ko 3000mm. Ma'anarta ita ce, masu gwaji sukan ɗora dogon bututu a kan yadin su yi ta zuba ruwa a ciki, su ga tsawon da ruwan zai kai kafin ya fara ratsawa. Watau 1500mm na nufin yadin ya jure nauyin ruwa mai tsawon mita ɗaya da rabi. Ga mayafin sama, 1,500 shi ne mafi ƙanƙanta da za ka yarda da shi, in ka sami 2,000 ko 3,000 ya fi dacewa da ruwan Kurmi. Ga shimfiɗar ƙasa nemi 3,000 ko fiye, domin gwiwarka da gwiwar hannunka suna danna yadin a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, su matso ruwa ciki. A duba kuma a ga shimfiɗar ta ɗago sama kamar bakin kwano, wajen taƙi guda ko kusa da haka, don kada ruwa mai gudu ya shiga ta gefe. Tantin da babu wannan lamba a jikinsa ko kaɗan, ka yi hattara da shi.

Za ka kuma ga lamba da harafin D a gabanta, kamar 20D ko 40D ko 68D. Wannan kaurin zare ne. Ƙaramar lamba yadi ne shara-shara marar nauyi, mai tsada, mai saurin yagewa a kan tsakuwa. Babbar lamba ta fi nauyi, ta fi ƙarko, ta kuma fi araha. Wanda zai riƙa kafawa a tasha ko a harabar gini, mai kauri ya fi masa. Yadin foliyesta ya fi nailan jure rana, kuma ba ya saki sosai in ya jiƙe, ga shi shi ne aka fi yin masu sauƙin kuɗi da shi.

NAUYI DA TSAWO DA SANDUNA

Masu tafiyar ƙasa suna da wata ƙa'ida, cewa kada kayan baya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mutum. Mai nauyin kilo 60 ke nan kada ya goya fiye da kilo 12, alhali lita ɗaya ta ruwan sha kilo guda ce cif. In ka haɗa da guzuri da tufafi da abin shimfiɗa, za ka ga bai kamata tanti ya ci fiye da kilo 2 ba. Tsakanin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu nan ne araha da sauƙin ɗauka suka haɗu. Wanda mota ce za ta ɗaukar masa kaya, ba ruwansa da wannan lissafi.

Sai tsawo. Yawancin na mutum ɗaya tsawonsu wajen santimita 210 ne, faɗinsu 80 zuwa 100, tashinsu sama kamar mita ɗaya, watau na kwanciya da zama ne kawai. Mu 'yan Arewa akwai dogaye a cikinmu, in kanka ko ƙafarka na taɓa bango, to a nan za ka jiƙe. Ka shiga ka miƙe tukuna. In ka ga an rubuta 1P na mutum ɗaya ne, 2P na mutum biyu. Sau da yawa ƙaramin 2P ya fi samuwa a kasuwa, ya kuma fi araha, ga wurin ajiye kaya a ciki. A duba kuma ko mayafin ya zarce gaban ƙofa ya yi 'yar rumfa, inda za a ajiye takalma da jaka.

Sanduna iri biyu ne. Na faibagilas sun fi araha, amma suna da nauyi, in kuma iska ta yi ƙarfi sukan tsage su yi tsini har su huda yadi. Na alminiyam sun fi tsada kaɗan, ba nauyi, lanƙwashewa suke yi maimakon karyewa. In kuɗinka zai kai, a nan ya fi dacewa ka ƙara.

Wani abin da mutane kan manta shi ne wurin kafawa. Akwai tantin da sandunansa ke gicciyewa su tsayar da shi da kansa, ko a kan siminti. Akwai wanda ba ya tsayuwa sai an kafa turaku an ɗaure igiyoyi. Na biyun ya fi rashin nauyi, amma mai gadi ko yaron mota da zai kwana a kan daɓe ko kwalta ba inda zai buga turke. Shi mai tsayuwa da kansa zai saya, ya danne kusurwoyin da duwatsu ko bulo.

Akwai iri biyu da za a guje musu. Na farko tantin wasan yara da na shan iska a bakin teku, waɗanda suka cika shagunan intanet da kyawawan hotuna, inuwa kawai suke bayarwa. Na biyu mai buɗe kansa da an jefa shi, irin wanda Quechua ya fito da shi a 2005. Yana da daɗin kafawa, amma in an naɗe shi sai ya zama faifai mai faɗi wanda ba ya shiga jakar baya.

IN ZA KA SAYI NA GWANJO

A kasuwannin gwanjo irin su Katangowa da Yaba a Ikko, ko manyan kasuwannin Aba da Anacha, jefi-jefi akan ci karo da tanti a cikin dilar kaya, wani lokaci ma na babban kamfani a kan kuɗi kaɗan. To, gani ya kori ji. Kada ka biya sai an kafa shi a gabanka, ka ƙirga sanduna da turaku da igiyoyi. Ka shiga ciki ka dubi sama wajen hasken rana, duk wata ƙaramar huda za ta nuna kanta. Ka ja kowane zif sau uku ko huɗu.

Sa'an nan ka sa hanci da hannu. Abin da ke hana ruwa shiga wani shafi ne kamar roba da ake yi wa yadin ta ciki, shi ne ake rubutawa PU. In tanti ya tsufa, musamman in an ajiye shi da danshi, shafin nan yakan ruɓe, ya riƙa danƙo a hannu, yana ɓarewa kamar amosanin ka, yana wari kamar amai. In ka ji haka, ajiye musu kayansu ko da kyauta ne. Wannan ita ce cutar da ta kashe nawa. Dubi bayan ɗinki kuma, za ka ga wata siririyar leda da aka manna don toshe ramukan allura. In ta ɗaɗɗago ko ta farfashe, ruwa zai bi ta nan. Daga ƙarshe ka sayi fiya wata biyu ka zazzaga a kan mayafin da kan ɗinkin, ka shafa hannu ta ciki. Mai kaya na gaskiya ba zai hana ka ba.

Akwai lahanin da bai kai a fasa ciniki ba, sai dai a rage kuɗi. Robar da ke cikin sanduna in ta saki ana sakewa. Turaku in sun ɓata maƙeri zai lanƙwasa maka wasu da guntun rodi. Ƙaramar huda ana liƙe ta da faci. Sandar da ta tsage ana zura mata guntun bututu a naɗe da salatif.

Mai saye ta intanet kuwa ya karanta nauyi da tsawo da lambar hana ruwa, kada hoto ya ruɗe shi. Ya tambayi kuɗin kawowa da na kwastan tun da wuri, in kuma da hali ya zaɓi biya bayan kaya sun iso hannu. Da ya karɓa ya kafa a tsakar gida ya watsa masa ruwa, tun ana iya mayarwa.

DABARAR MAI ƘARAMIN ƘARFI

In duk wannan ya fi ƙarfin aljihu, akwai mafita. Sami tamfol marar nauyi mai mita 3 tsawo da mita 2 ko 3 faɗi, da gidan sauro mai magani, da igiya, da leda mai kauri ta shimfiɗawa. Ɗaure igiya tsakanin itatuwa biyu ko jikin mota da turke, ka yafa tamfol a kai ya yi doro kamar jinka, ka ja kusurwoyin ƙasa, ka rataya gidan sauro daga ciki ka cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. Iska ta fi ratsa wannan, kowane yanki kuma in ya lalace shi kaɗai za ka sake. Masu ɗinkin tamfol na tashoshin mota za su sa maka idanuwan ɗaure igiya a kan kuɗi kaɗan. Aibinsa shi ne feshi in ruwa ya zo da iska, kuma ƙwari masu rarrafe sun fi samun hanya. Ko wane iri ka zaɓa, kada ka kwanta a kan yadi zalla, sa tabarma ko siririn soso, domin ƙasa takan zuƙe ɗumin jiki. Masu hawa Obudu, mai tudun kusan mita 1,600, ko Chappal Waddi na Jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Nijeriya mai mita 2,419, su tafi da bargo, sanyin can ba na wasa ba ne.

WUTA DA HAYAƘI

Alhazanmu na da can ba su manta gobarar Mina ta 1997 ba, wadda ta tashi a cikin tantuna ta hallaka mutum sama da 300, abin da ya sa hukumomin Saudiyya suka sake tantunan da yadi marar cin wuta. Ɗan tantinka na nailan ba irin wannan ba ne, narkewa yake yi ya manne a fata. Kada a kunna kyandir ko risho ko maganin sauro na hayaƙi a ciki, kada a sha taba. Mafi haɗari shi ne shiga da kaskon gawayi don jin ɗumi, ko kafa tanti kusa da janareto ko salansar mota mai aiki. Akwai wata iskar guba a cikin hayaƙin nan marar launi marar wari, mutum yakan yi barci ne kawai ya wuce. Tocila ta wadatar.

Wajen zaɓen wuri, nemi ɗan tudu, ka guji kwari da busasshen rafi, don ruwan da aka yi a nesa yakan iso da dare. Kada ka kwana ƙarƙashin bishiyar kwakwa ko mai busasshen reshe, kada kuma a ƙololuwar dutse lokacin tsawa, tanti ba ya kare aradu. Dubi ƙasa ko akwai hanyar kwarkwasa. Da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama. In an dawo gida a shanya shi a inuwa ya bushe ƙayau kafin a naɗe, in ba haka ba cikin 'yan kwanaki zai yi fumfuna. Kada a wanke shi da sabulun gari, kada a bar shi kafe cikin rana mako da mako.

KA NEMI IZINI KAFIN KA KAFA

Wannan ita ce magana mafi nauyi. Zamanin da muke ciki na zargi ne. Satar mutane ta sa jama'ar ƙauyuka ba sa yarda da baƙon fuska a daji. Jihohin Yarbawa sun kafa rundunar Amotekun a 2020, kusan kowane gari kuma yana da 'yan banga. Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo ba a watan Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 16 'yan Arewa, mafarauta da suka taso daga Jihar Ribas za su gida yin Salla, bisa zargin cewa masu satar mutane ne. Mutum ɗaya da tanti a bakin daji, ba wanda ya san da zuwansa, ya jefa kansa cikin haɗarin da ya fi ruwa da sauro.

Saboda haka in ka isa gari, fara da Sabo ko zango, ka gai da Sarkin Hausawa, ya haɗa ka da mai gari ko mai gonar. In wurin yawon buɗe ido ne ko gandun daji na gwamnati, ka bi ta ofishinsu, ka biya abin da aka yanka, ka ɗauki ɗan jagora na wurin. Riƙe katin shaidarka a jiki. Kada ka sayi tanti ko jaka mai launin kakin soja, zaɓi mai haske wanda ke nuna ba ɓuya kake yi ba. Gaya wa wani naka inda za ka da ranar da za ka dawo. In da hali a tafi mutum biyu ko uku, kowa da tantinsa. In masu wuri suka ce a'a, naɗe kayanka ka nemi masauki a cikin gari, baƙo ba ya jayayya da ɗan gari a kan ƙasarsa.

Nawa na biyu dai mai rufi biyu ne, na foliyesta, da sandunan alminiyam, nauyinsa bai kai kilo 2 ba. Sai da na kafa shi a gaban mai shi na zuba masa ruwa kafin in ƙirga kuɗi, ga shi damina ta uku ke nan bai ba ni kunya ba. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gida lafiya.